Kwarjini da Farin Jini: Nazari a kan Dilip Kumar da Raj Kapoor

1. Gabatarwa

Cikin shekaru goma sha biyar da suka bi bayan samun mulkin kan Indiya a 1947, mutum uku ne suka riƙe ragamar wasan majigi a birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai, watau Dilip Kumar da Raj Kapoor da Dev Anand. Biyun farko su aka fi gwamawa, har yau kuwa masu sha'awar tsofaffin finafinan Indiya ba su bar gardamar wanda ya fi wani ba. Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ke jan mutane zuwa ga kowane ɗayansu, a kuma nuna cewa Hausa tana da kalmomi biyu da suka isa auna bambancin da ke tsakaninsu.

Mai karatu yana iya tambaya ina ruwan sashen Hausa da 'yan wasan Indiya. Dalili biyu ne. Na farko, tun wajen lokacin samun mulkin kan Nijeriya Kwarori masu gidajen sinima suka riƙa kawo finafinan Indiya Kano da Kaduna da Jos da Zariya, jama'a suka karɓe su hannu biyu-biyu, har gurbinsu ya fito fili a littattafan soyayya da finafinan Hausa na bidiyo waɗanda aka soma a Kano a 1990. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan. Na biyu, kalmar "jarumi", wadda a da ake ba wa mai ƙarfin zuciya a fagen fama, yanzu ta zama sunan duk wanda ya ja ragamar fim, ko da kuwa kuka ya yi ta yi daga farko har ƙarshe. Wanda ke son ya gane yadda aka yi jarumi ya ajiye takobi ya ɗauki hawaye, dole ya waiwayi mutanen nan biyu, gama su ne suka aza harsashin irin wannan jarunta a Indiya.

2. Kalmomi biyu

In Bahaushe ya ce wane yana da kwarjini, nufinsa shi ne mutumin in ya shigo zaure sai a yi tsit, a gyara zama, wanda ya zo da niyyar faɗa masa baƙar magana sai ya haɗiye ta. Kwarjini ba ya bukatar yawan magana, yawan magana ma rage shi yake yi. Mai kwarjini ana girmama shi daga nesa, ana so a san abin da ke cikinsa, shi kuwa ba ya faɗa.

Farin jini dabam ne. Mai farin jini in ya shigo sai fuskoki su saki, wannan ya ce zo nan, wancan ya matsa masa wuri. Ba lalle ba ne ya zama mai mutunci ko mai gaskiya. Sau da yawa ana sane da ɓarnarsa, amma ba a iya riƙe shi a zuci. Gizo na tatsuniya ba shi da kwarjini ko na anini, amma babu yaron da ba ya goyon bayansa in ya kara da Zaki ko Kura.

Kowane ɗayan halayen nan yana da farashinsa. Mai kwarjini yakan rasa abokin wasa, mai farin jini yakan rasa mai jin tsoronsa. Da wuya su taru wa mutum guda daidai wa daida. Ra'ayin da za a bi a nan shi ne cewa Dilip Kumar ya gina sana'arsa a kan kwarjini, Raj Kapoor ya gina tasa a kan farin jini, kuma kowannensu da gangan ya yi, da dabarun da za a iya nunawa ɗaya bayan ɗaya.

3. Gari ɗaya, gida dabam-dabam

Duka biyun a Peshawar aka haife su, birnin da yanzu ke cikin Pakistan, a unguwannin da ke kewaye da tsohuwar kasuwar nan da ake kira Kasuwar Masu Ba da Labari. Iyayensu sun san juna tun can, su ma abokai ne har mutuwa ta raba.

Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi ran 11 ga Disamba 1922. Ubansa fatake ne mai cinikin 'ya'yan itace, mutum mai tsare al'ada, wanda ba ya ganin wasan kwaikwayo sana'ar ɗan mutunci ce. Devika Rani, uwargidan kamfanin Bombay Talkies, ita ta ɗauke shi aiki, fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, ya fito a 1944. A nan ya karɓi sunan aro, shi da kansa kuwa ya faɗi daga baya cewa tsoron ubansa na cikin abin da ya sa. Ashe tun ran farko da ɓoyo ya shiga sana'ar.

Raj Kapoor an haife shi ran 14 ga Disamba 1924. Shi a cikin sana'ar ya buɗe ido, domin ubansa, Prithviraj Kapoor, yana cikin waɗanda suka fito a Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya, a 1931, kuma a 1944 ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kansa mai yawo gari-gari. Raj ya yi aikin ƙaramin yaro a bayan fage, ya ja ragamar Neel Kamal a 1947, sa'an nan a 1948, bai cika shekara 24 ba, ya kafa kamfaninsa R.K. Films, ya shirya Aag, shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma babban ɗan wasa.

Wannan bambancin tushe ya bi su har ƙarshe. Dilip Kumar ɗan wasa ne da ke aiki ƙarƙashin umarnin wasu, yana zaɓe ƙwarai, yawanci fim ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, shi ya sa cikin shekaru 54 finafinansa ba su wuce kamar sittin ba. Raj Kapoor kuwa mai gida ne. Ya tara wa kansa marubuci, K. A. Abbas, da makaɗa, Shankar da Jaikishan, da masu tsara baiti, Shailendra da Hasrat Jaipuri, da mawaƙin bayan fage, Mukesh, wanda muryarsa ta zama kamar tasa. Saboda haka mai kallon Dilip Kumar mutum ɗaya yake kallo yana shiga riguna iri-iri, mai kallon Raj Kapoor kuwa ƙungiya guda yake kallo tana ɗinka wa mutum ɗaya riga ɗaya.

4. Ranar da suka haɗu

Sau ɗaya tak suka fito tare, cikin Andaz na Mehboob Khan, a 1949, Nargis na tsakaninsu. Fim ɗin ya zama kamar awo da aka shirya don masu nazari.

Neena 'yar attajiri ce, ta taso cikin sakewa irin ta Turawa. Wata rana doki ya ɓalle da ita, wani saurayi mai suna Dilip ya cece ta. Ta jawo shi jiki, har ta damƙa masa rabin ragamar dukiyar ubanta bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka so ne, ita kuwa abota take nufi, gama tana da wanda ta yi wa alkawari, Rajan, yana Landan. Rajan ya komo, aka ɗaura aure. Da Dilip ya furta abin da ke ransa lokaci ya riga ya wuce. Zargi ya shiga zuciyar Rajan, ya yi wa Dilip dukan da ya taɓa masa hankali, ƙarshe Neena ta harbe Dilip da bindiga, aka ɗaure ta, gaskiyar amincinta ba ta bayyana ga mijin ba sai da ya tsinci wata wasiƙa cikin 'yar tsana.

Abin lura shi ne yadda kowa ya riƙe fage. Raj Kapoor yana shigowa da surutu da barkwanci, yana juyi, yana cika ɗaki, in fushi ya zo kuwa sai ya zubo shi duka waje ɗaya. Dilip Kumar yana zaune gaban fiyano, kai a sunkuye, abin da ba ya iya faɗa wa Neena a fili sai ya saka shi cikin waƙa, ita kuwa tana jin waƙar ba ta jin saƙon. Rajan ne ya sami matar, amma da Dilip 'yan kallo suka koma gida. Wani abin mamaki kuma, a wannan fim Mukesh wa Dilip Kumar ya yi waƙa, Muhammad Rafi ya yi wa Raj Kapoor, alhali daga baya akasin haka aka saba ji. Wannan ya nuna cewa a 1949 siffar kowannensu ba ta gama daskarewa ba tukuna.

5. Dabarun mai kwarjini

Kafin zuwan Dilip Kumar, yawancin 'yan wasan majigin Indiya daga dandalin wasan kwaikwayo suka fito, inda dole a ɗaga murya a buɗe hannuwa don na bayan rumfa ya ji ya gani. Shi ya lura, bisa ga koyi da ya yi da Ashok Kumar a Bombay Talkies, cewa na'urar ɗaukar hoto da ta ɗaukar magana sun kawo ɗan kallo har gaban hancin ɗan wasa, don haka ihu ya zama ɓarna. Dabarunsa uku ne.

Ta farko ita ce rage murya. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, da Urdu mai tsabta, har sai ɗan kallo ya karkato da kunne. Wanda ya karkato da kunne kuwa ya riga ya ba da kansa.

Ta biyu ita ce shiru. Yakan tsaya a tsakiyar zance, ya dubi ƙasa, ya motsa yatsu, kamar mai neman kalma, sa'an nan ya ƙarasa da abin da bai kai nauyin wanda aka zata ba. Ɗan kallo shi ke cike giɓin da abin da ke tasa zuciyar. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, shi a kan wannan ya kafa sana'a. A cikin Mughal-e-Azam na K. Asif, 1960, akwai wurin da Yarima Salim ke shafa fuskar Anarkali da gashin tsuntsu, babu mai cewa uffan, sai muryar mawaƙi daga nesa. Masana da yawa suna lissafa shi cikin wuraren soyayya mafi ƙarfi a majigin Indiya.

Ta uku ita ce shiri mai tsawo. Don Kohinoor, 1960, ya zauna ya koyi kaɗa sitar, molon nan na Indiya mai tsarkiya da yawa, don kada yatsunsa su ƙaryata shi. Don Gunga Jumna, 1961, wanda shi ya ɗauki nauyinsa, ya ajiye Urdun birni ya ɗauki karin harshen ƙauye.

Fim ɗin da ya fi bayyana shi shi ne Devdas na Bimal Roy, 1955, wanda aka ɗauko daga littafin Sarat Chandra Chattopadhyay na 1917. Devdas ɗan mai ƙasa ne a Bengal, ya taso da Paro tun suna yara. Da maganar aure ta taso iyayensa suka ƙi, domin gidansu Paro bai kai nasu ba. Paro ta sayar da kunya ta zo ɗakinsa da tsakar dare, shi kuwa ya kāsa tsayawa, ya gudu Kalkatta ya aiko mata da wasiƙar rabuwa. Kafin ya yi nadama an ba da ita ga wani dattijo mai dukiya. Ya faɗa shan giya, wata mai rawa, Chandramukhi, ta so shi ta yi jinyarsa, bai iya sāka mata ba, ƙarshe ya ja jiki ya je ya mutu a ƙofar gidan Paro. In an auna da ma'aunin hankali, Devdas rago ne, ya cuci mata biyu ya kashe kansa. Amma ɗan wasan ya lulluɓe ragwancin da natsuwa da kamun kai, har mai kallo ya ga kamar wani babban mutum ne ƙaddara ta kayar. Daga irin waɗannan finafinai ya sami laƙabin Sarkin Baƙin Ciki. Nauyin ya taɓa shi da kansa, har ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Landan, aka ba shi shawara ya riƙa surkawa da wasannin raha.

6. Dabarun mai farin jini

Raj Kapoor ya bi wata hanya. Ya ari siffar gantalallen nan na Charlie Chaplin, mai ɗangalallen wando da tsohuwar hula da tafiyar agwagwa, bai kuwa taɓa ɓoye aron ba. Amma ya ƙara masa abin da na Chaplin ba shi da shi: kyan fuska, da waƙa, da soyayya mai zafi. A yawancin finafinansa sunan mutumin Raj ne ko Raju, don kada ɗan kallo ya raba ɗan wasa da wanda yake kwaikwaya.

Dabararsa ta farko ita ce ƙasƙantar da kai. Shi ake kora, shi ake yi wa dariya, shi ke faɗuwa cikin kwata, ya tashi ya kakkaɓe ya ɗaga hula ya yi murmushi. Ɗan kallo ba ya jin shayinsa, gani yake kamar ƙanensa ne. Ta biyu ita ce buɗe ciki. Abin da Dilip Kumar ke haɗiyewa shi furta shi yake yi, ya rera shi, ya taka shi da rawa, wani lokaci har ya dubi 'yan kallo ido da ido kamar mai neman shaida. Ta uku ita ce cuɗa dariya da kuka cikin numfashi guda, yadda mutum bai gama dariya ba sai ya ji ƙwalla.

Shree 420, na 1955, shi ya fi nuna wannan. Lambar ta fito ne daga sashe na 420 na tsohuwar dokar laifuffuka ta Indiya, wadda aka sauya a 2024, sashen da ke hukunta zamba. Daidai yake da yadda ake cewa 419 a Nijeriya. Raj ya gama karatu a Allahabad, ya taho Bombai a ƙasa neman aiki, ba shi da kome sai takardar shaida da lambar yabo da aka ba shi don gaskiya. Da isowarsa ya jinginar da lambar. Talakawa masu kwana a bakin titi suka karɓe shi, ya sami aiki a gidan wanki da guga, ya kamu da son wata malamar makaranta, Vidya, ma'anar sunanta ilmi. Sai wata mai suna Maya, watau ruɗi, ta gano gwanintarsa a karta, ta ja shi cikin attajirai 'yan damfara. Ya yi kuɗi ya rasa Vidya. Bai farka ba sai da ya ga maigidansa na shirin cinye kuɗin talakawan nan da suka ba shi masauki, da sunan za a gina musu gidaje. Kowane baƙauye da ya taɓa sauka tasha da ƙunshin kayansa ya san wannan labari, ko a wace ƙasa yake.

Shi ya sa farin jininsa ya ƙetare teku. Awaara, na 1951, ya shiga gasar Cannes a Faransa a 1953, aka nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1954, miliyoyin mutane suka gan shi, ya kuma karɓu a Sin da Turkiyya, inda aka yi ta sāke shirya labarin da harshensu. Dilip Kumar bai sami irin wannan a waje ba, dalili kuwa a fili yake. Rabin kwarjininsa yana cikin lafazi da zaɓen kalma, wanda bai ji Urdu ba rabi kawai ya samu. Tafiyar agwagwa da ɗaga hula ba sa bukatar tafinta.

7. Uba ɗaya, 'ya'ya biyu

Akwai wani awo na biyu da ya fi na Andaz ma kyau. Prithviraj Kapoor ya fito uban Raj a Awaara, ya kuma fito uban Dilip Kumar a Mughal-e-Azam. A duka biyun uban shi ne hukuma, ɗan kuwa mai laifi ne a gabansa.

A Awaara uban alƙali ne, Raghunath, wanda ya yi imani cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan ɓarawo ɓarawo ne, ɗan mutumin kirki mutumin kirki. Bisa ga wannan ya ɗaure wani Jagga ba da hujja ba. Jagga ya sace matar alƙalin, da ya ga tana da ciki ya sake ta, tsegumi ya sa alƙalin ya kore ta, ta haihu a titi. Jagga ya ja yaron ya koya masa sata, don ya ƙaryata alƙali da jininsa. Ƙarshe Raj ya kashe Jagga, ya kai wa ubansa hari, aka gurfanar da shi, Rita, abokiyar ƙuruciyarsa wadda ta zama lauya, ta tsaya masa, aka yanke masa shekara uku. Masu nazarin Hausa za su tuna da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tare da littattafan gasar 1933, inda Abubakar ya rama ƙwacen Zainabu ta hanyar lalata Kyauta ɗan Malam Shehu, yaron ya zama ɓarawo har ya zama ajalin ubansa. Babu wanda ya ara daga wani. Labarin ramuwa ta kan ɗa ne ya tsiro a ƙasa biyu.

A Mughal-e-Azam uban Sarki Akbar ne, ɗan kuwa Yarima Salim, wanda ya so baiwa mai rawa, ya ƙi barinta, har ya ja daga da ubansa, aka ci shi da yaƙi.

Ga yadda 'ya'yan biyu suka tsaya gaban murya ɗaya mai kama da aradu. Raj ya yi ba'a, ya yi kuka, a kotu ya juya ga jama'a ya roƙe su su dubi yaran unguwannin talakawa kafin su zama irinsa. Ya nemi 'yan kallo su taru su rinjayi uban. Salim bai nemi taimakon kowa ba. Akbar na tsawa, shi yana amsawa a hankali, ido cikin ido, jiki bai motsa ba, sai tsawar ta zama kamar ta wanda ya rasa abin yi. Ɗaya ya yaƙi kwarjinin uba da farin jini, ɗaya ya yaƙe shi da kwarjinin da ya fi nasa sanyi.

8. Inda ma'aunin ya gaza, da inda ya kamata a yi hattara

Kada a ɗauka kowannensu kurkuku ne a cikin siffarsa. Dilip Kumar ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon ɗan wasa sau takwas, shi ne ma ya fara cinta a 1954 da Daag, kuma uku daga ciki, Azaad da Kohinoor da Ram aur Shyam, na raha ne da wasan takobi da barkwanci. A Naya Daur, 1957, mai keken doki ne mai fara'a da ya yi tsere da motar safa don ceton abincin 'yan'uwansa. Raj Kapoor kuma, a Jagte Raho, 1956, baƙauye ne da ƙishirwa ta shigar da shi wani babban gidan haya da dare, aka ɗauke shi ɓarawo, ya kwana yana ɓuya daga ɗaki zuwa ɗaki yana ganin ɓarnar masu farautarsa, kusan bai yi magana ba sai can ƙarshe. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Karlovy Vary a 1957.

Farin jinin gantalalle kuma yana da wa'adi. Da shekaru suka ja, jiki ya yi nauyi, rigar ta daina shiga. Mera Naam Joker, 1970, wanda Raj Kapoor ya zuba dukiyarsa da ransa a ciki, ya faɗi a kasuwa, bai farfaɗo ba sai da ya koma bayan na'ura ya sa ɗansa Rishi a Bobby, 1973. Kwarjini kuwa tsufa ƙara shi yake yi: a Shakti, 1982, Dilip Kumar ya koma shi ne uban mai hukunci, Amitabh Bachchan ne ɗan. Raj Kapoor ya rasu ran 2 ga Yuni 1988, Dilip Kumar ran 7 ga Yuli 2021.

Wurin hattara shi ne wannan. Duka halayen biyu suna iya rufe ido. A Devdas jarumin ya bugi Paro a goshi da sanda har ya bar mata tabo. A Awaara jarumin ya mari Rita ya murɗe mata hannu don ta tsokane shi da kalma ɗaya. A duka biyun an shirya wurin yadda mai kallo zai karanta dukan a matsayin zurfin so. Kwarjini ya sa an yafe wa na farko, farin jini ya sa an yafe wa na biyu, matan kuwa su suka ɗauki tabon.

9. Amfanin wannan ga malami

Malamin da ke koyar da adabi ko wasan kwaikwayo a kwalejin horon malamai yana iya cin moriyar wannan gwami ta hanya uku. Da fari, ya sa ɗalibai su kalli wuri ɗaya daga Devdas da wuri ɗaya daga Shree 420 ba tare da fassara ba, su rubuta abin da suka gane da abin da ya nuna musu shi, ko murya ce, ko ido, ko tafiya. Ta haka za su koyi cewa jan hankali aiki ne da ake yi da kayan aiki.

Na biyu, su ɗauki ma'aunin su gwada a kan taurarin adabin Hausa. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja a wane gefe yake, Shaihu Umar kuma a wane? A nan za su ga wani bambanci mai amfani: shirun Shaihu Umar haƙuri ne mai tawakkali, shirun Devdas kuwa cin rai ne. A. H. M. Kirk-Greene, cikin nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya cikin halayen da ake yabo, amma Bahaushe bai taɓa kiran wanda ya kashe kansa da giya mahaƙurci ba.

Na uku, su dubi finafinan Hausa da littattafan soyayya na zamaninsu, su nemo saurayin da aka hana wa budurwa ya kwanta ciwo, da talakan da ya shigo birni ya yi dariya da masu kuɗi, su tambayi kansu me marubucin ya sa suka yafe wa kowannensu, da wace dabara kuma ya sa suka yafe.